INDA MIKA YA AJIYE MURYAR INNA

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, duk na gani. Ke kuma da kika ce in Leah ta sake yin kuka kin daina karantawa, to ki nemo hankicinki tun da wuri, ni dai ba ruwana.

* * *

Rediyon bai ce komai ba.

Leah ta zare filashin, ta hure bakinsa, ta sake sokawa. 'Yar fitilar jikin rediyon ta yi ja, ta yi shuɗi, ta tsaya cak.

"Ya fara ne?" Baba Shago ya tambaya. "Ko kunnena ne?"

"Bai fara ba, Baba."

"To ƙara masa murya mana."

Ta ƙara har ƙarshe. Shiru.

Yana zaune a kan tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ya sha rigarsa ta zuwa coci alhali yau Asabar. Tun da sassafe ya yi wanka, wai ba zai saurari matarsa da rigar gona ba. Idanun nan nasa da yanar ido ta rufe suna bin duk inda ya ji motsin 'yarsa, hannunsa ɗaya a kan rediyon da ta sayo masa jiya a Bici.

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna Tabita. A daminarta ta ƙarshe, tana kwance tana tashi, Mika yayan Leah ya riƙa ɗaukar muryarta yana zubawa a laftof ɗin wajen aikinsa. Waƙoƙinta na niƙa, labarin aurensu da Baba, har faɗan da take yi wa kaji. Duk Lahadi in an taso daga coci sai ya kunna wa tsohon guda ɗaya. Sai ga shi Mikan ma haɗarin mota ya ɗauke shi a hanyar Katsina, wata bakwai da suka wuce. Tun ranar ba a sake jin muryar Inna a gidan ba.

Gidan da a da sai an ɗora tukunya biyu ake ƙoshi, yau su biyu ne rak a cikinsa.

"Auta, ba kin ce min kin kwashe ba?"

"Na kwashe, Baba. Ina zuwa."

Ta miƙe da filashin a hannu.

* * *

Ɗakin Mika na nan yadda ya bar shi. Takalmin robarsa a bayan ƙofa, hularsa a jikin ƙusa. Laftof ɗin a kan tebur cikin jakarsa.

Gaskiyar da Leah ba ta gaya wa kowa ba ita ce, wata bakwai ta yi tana tsoron wannan jakar. Kullum Baba ya ce a kunna masa Inna, sai ta ce babu caji, ko ta ce gobe. Sai ranar Alhamis da Malam Sha'aban, shugaban Mika a shirin tallafin manoma, ya kira ya ce ofis na son kayansu ranar Asabar, sannan ta buɗe shi dole.

Ko da ta buɗe ma ba ta kalli komai ba. Ita malamar kwamfuta ce a wata makarantar kuɗi, tana da wasu 'yan layukan umarni da ta rubuta da kanta, sikirif ɗin da take kwashe aikin ɗalibai da shi daga kwamfutocin makaranta duk ƙarshen zango. Shi ta ɗauko. Ta canza suna kawai, ta rubuta masa inda zai je ya kwaso:

C:\Users\Mika\Documents

Ta danna, ta kau da kai gefe don kada ta ga hoton da ke kan allon. Sikirif ɗin ya rubuto mata "An gama." Ta rufe da sauri ta fito ta ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa.

Yanzu ta soka filashin ta duba da idonta.

Fayil biyu ne. Jerin sunayen manoma na shekara huɗu baya, da wani fom da ba a cike ba.

"Wayyo Allah na," ta ce a hankali.

Ta bi hanyar da ƙafarta, folda bayan folda, har cikin Documents ɗin. Su dai ne, biyun nan. Ta sa kwamfutar ta nemo mata duk wani fayil na murya da ke cikinta. Ta nemi sunan Inna. Ta nemi Tabita. Ta leƙa kwandon shara.

Wayam.

Tana cikin haka ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida.

* * *

"Salamu alaikum! Masu gida!"

Malam Sha'aban ne, dogo, da jakar goyo da laka har gwiwar wando. Ya durƙusa ya gaida Baba, suka yi ta jajanta wa juna kamar jiya abin ya faru. Sannan ya juyo wajen Leah da ta tsaya a bakin ɗaki.

"Malama Leah, ina fata an haɗa min kayan? Hadari nake gudu."

"Malam, ka ba ni zuwa Litinin."

"Litinin?"

"Ko gobe ma."

Ya sauke murya. "Wallahi da da hali da na bar miki shi har abada. Wata bakwai ina kare ki a ofis. Wanda aka ɗauka a gurbinsa jibi zai kama aiki, yau da la'asar mai gyara zai goge komai ya zuba sabo. Na yi alkawari."

"Goge komai?"

"Ai haka ake yi."

"Uwata na ciki, Malam."

Ya ƙura mata ido.

"Muryarta," ta ce. "Mika ya ɗauka. Ban same ta ba. Na ce wa Baba na kwashe, ashe iska na kwasa."

"To ba tun Alhamis na gaya miki ba?"

"Ka gaya min!" Muryarta ta ɗaga ba ta shirya ba. "Ka gaya min, na ji. Kai ka san abin da ake ji in an buɗe abu aka ga fuskar wanda aka binne yana yi maka dariya? Ni kaɗai ce a gidan nan. Ni ce mai girki, ni ce mai gona, ni ce mai kai Baba asibiti. Wa zan ce wa zo ka taya ni buɗewa?"

Daga gindin bishiya Baba ya ce, "Lafiya dai, Auta?"

"Lafiya lau, Baba."

Malam Sha'aban ya kalli sama, ya kalli agogonsa. Ya cire jakar goyon ya ajiye.

"Zan zauna da Baba mu taɓa hira. Da an kira azahar zan tafi da shi. Ki yi haƙuri, iyakar abin da zan iya ke nan."

* * *

Sabis a gidan nan wuri ɗaya yake, gefen rumbu. Nan ta ɗora laftof ɗin a kan turmin da aka kife, ta tsugunna, ta nemo lambar Fauziyya.

Tare suka yi kwaleji a Bici, gado ɗaya, kwano ɗaya. Fauziyya ta wuce Abuja tana rubuta manhaja a wani kamfani, Leah ta dawo gida jinya. Rabon da su yi magana tun gaisuwar rasuwar Mika. Sai da wayar ta kusa katsewa aka ɗauka.

"Leah? Ke ce? Kina raye ashe!"

"Ina nan."

"Wallahi ina ta cewa zan kira ki. Ina cikin taro ne ma yanzu, ko in..."

"Fauziyya, minti biyar. Don Allah."

Wani abu a muryar ya sa aka ji ƙarar kujera, aka ji an rufe ƙofa.

"Ina jin ki."

Leah ta zayyana mata komai. Ba ta kai ƙarshe ba Fauziyya ta katse ta.

"Tsaya. Hanyar foldar, da hannu kika rubuta ta a sikirif ɗin?"

"E."

"Haba Malama! Ke da kike koyarwa? Wa ya ce miki Documents ɗin kowa a nan yake zama?"

"A makaranta kullum a nan yake."

"Don babu wanda ya taɓa na makarantar ne. Ana iya ɗauke shi a mayar wani wuri, tsohon kangon ya zauna a nan da tarkacen da aka bari. Kin je tsohon gida kina sallama, mutanen sun tashi."

"Kina nufin Mika bai goge ba?"

"Ban sani ba. Amma ki daina yi wa na'ura zato, ki tambaye ta. A sunansa kika shiga, ko a naki?"

"A nasa."

"Yauwa, don in a naki ne foldarki za ta nuna miki. Buɗe inda kike rubuta umarni. Ki kira GetFolderPath, ki ba shi MyDocuments. Ita da kanta za ta faɗi inda yake."

Ta karanto mata layin harafi bayan harafi. Sau biyu Leah tana kuskure. Ta danna.

"Me ya fito?"

"Ba komai. Layi ne fari, babu rubutu."

"Babu rubutu?"

"Ko ɗigo."

Fauziyya ta ja numfashi. "To. Wannan ma amsa ce. In ta yi shiru haka, ta san adireshin, amma ta leƙa ba ta ga wurin ba."

"Ban gane ba."

"Za ki gane. Akwai rajistar da take rubuta irin waɗannan abubuwan, ko wurin na nan ko ba ya nan. Ki sa sikirif ɗin ya karanto miki User Shell Folders, ki duba layin da aka rubuta Personal."

Leah ta rubuta. Daga gindin darbejiya tana jiyo Baba yana ba Malam Sha'aban labarin yadda Inna ke rera waƙa in tana niƙa, wai har maƙwabta kan dakata da daka su saurara. Yana faɗa yana 'yar dariya, irin ta mutumin da ya tabbata yanzun nan za a kunna masa.

Ta danna.

Layuka suka zubo. Ta bi su da yatsa har ta iso.

E:\Gidanmu\Documents

Gidanmu. Haka Mika ya sa wa wurin suna. Hawayen da take ta dannewa tun safe suka ɓalle, ta toshe bakinta da gefen mayafi don kada Baba ya ji.

"Leah? Kin gani?"

"Na gani. E ya rubuta."

"To ba a cikin kwamfutar yake ba. Wani abu ne da ake sokawa a cire, ko filashi ko memori. Duba gefenta."

Ta juya laftof ɗin. A gefen hagu akwai wata 'yar siririyar kafa. Ta sa farce a ciki. Babu komai sai ƙura.

"Ba komai a ciki."

"To nemo shi. Duk abin da kike nema yana kansa, ko sun goge kwamfutar ba abin da zai same shi. Leah, ana kirana. Zan kira ki anjima, wallahi zan kira."

Kit, wayar ta mutu. Leah ta san ba za ta kira ba, kuma ba ta ji haushinta ba.

* * *

Ta zazzage jakar laftof ɗin a ƙasa. Caja, biro biyu, ƙwayar wake guda uku. Ta koma ɗaki ta ɗaga katifa, ta juye akwati, ta lalube aljihun duk wata riga da ke rataye. Ƙamshin sabulunsa na nan a jikinsu. Ba ta samu komai ba.

Ta fito da laftof ɗin a rungume, ta durƙusa gaban Malam Sha'aban.

"Malam, ka taɓa ganin Mika da wani ɗan kati da yake sokawa a nan?"

Ya leƙa kafar. "Ƙwarai kuwa! Wani ɗan baƙi, kamar kan sarki. Ai har tsiya muke yi masa. Da an tashi aiki sai ya zare ya jefa a aljihun gaba. Ya ce na'urar ta ofis ce, amma abin da ke kan katin na gidansu ne, ba zai kwana a hannun kowa ba."

"Kullum?"

"Kullum. Ko ranar da abin ya faru a gabana ya cire."

"To ina kayan da aka samu a jikinsa?"

"Ni na kawo su da hannuna. A baƙar leda. Walat, da wayarsa da ta farfashe, da mukulli." Ya juya. "Baba na damƙa wa."

Su biyun suka kalli tsohon.

Baba Shago ya daina murmushi. Hannunsa da ke kan rediyon ya sauka a hankali zuwa gwiwarsa.

"Baba," Leah ta ce, "akwai wani ɗan kati a ledar?"

Ya ɗago fuska wajenta.

"Mai ɗan yanke a kusurwa?" ya tambaya. "Da wasu 'yan ƙarafa a bayansa in ka shafa?"

"Shi! Shi ne, Baba! Yana ina?"

"Ai layin wayarsa ne."

"Ba layi ba ne, memori ne."

"Layinsa ne," ya sake cewa, amma muryar ta yi ƙasa. "A aljihunsa yake, tare da wayar. Na shafa na ji."

"To na ji, ko ma mene ne. Ina ka ajiye shi?"

Ya juya fuskarsa wajen katangar baya, inda geron gonar gida ya fara leƙowa.

"Kin tuna Obed, abokina na Dawakin Tofa?"

"Baba, don Allah..."

"Bari in faɗa. Da ya mutu, bayan shekara na ce Mika ya kira min lambarsa. Ba don komai ba, kewa ce kawai. Sai wani yaro ya ɗauka yana cin abinci, ya ce min wane ne Obed. Wai an ba shi layin. Na kwana uku abin na cina. Da aka miƙo min ledar nan na ji katin a ciki, na ce wallahi ba za a yi wa ɗana haka ba. Ba wanda zai amsa waya da sunansa."

Leah ta matso kusa da shi.

"Me ka yi da shi?"

"Ba ki nan. Kina ɗaki da mata. Da aka gama sa masa farar rigarsa, na ce kowa ya ba ni wuri in yi sallama da shi."

"Baba..."

"Na mayar masa a aljihun gaba. Inda yake sawa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," Malam Sha'aban ya faɗa, ya dafe kai.

Can nesa ana jiyo masu noma suna kiran juna, kaza ta ratsa ta kan tabarmar ba wanda ya kore ta. Leah ta zauna daɓas a ƙasa. Ta so ta yi ihu, ta so ta ce masa me ya sa bai tambaye ta ba. Sai ta tuna wata bakwai yana tambayarta, ita ce take cewa gobe. Da ta buɗe jakar nan tun makon farko ma, da ba abin da ya canza. Amma da bai yi wata bakwai yana jira ba, da bai yi wanka yau ya sa rigar coci ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Gaya min gaskiya. Tabita na kan abin nan?"

Ta kalli ƙasa.

"Da ke nake."

"Tana kai."

"Duka? Da waƙar niƙan?"

"Duka, Baba. Har da muryar Mika yana yi mata tambaya."

"Babu wani wuri kuma? A cikin wannan?" Ya miƙa hannu yana laluben laftof ɗin.

"Babu. Adireshin kawai ya rage a ciki."

Ya gyaɗa kai a hankali, sau uku. "Ashe ni na rufe ta. Sau biyu ke nan ina rufe ta."

Daga masallacin unguwar gabas aka ɗaga kiran azahar. Malam Sha'aban bai ko motsa ba, bai kalli laftof ɗin ba.

Baba ya lalubo rediyon ya kashe 'yar fitilar da ba ya gani. Ya cire hularsa ya ɗora a kai. Ya kama rigar cocin ya tuɓe ta ta ka, ya ninke ta da kyau yadda Inna ke ninkewa, ya ajiye a gefe. Ya rage daga shi sai 'yar shara.

Sannan ya dafa bishiya ya miƙe.

"Ina za ka, Baba?"

"Irin abin nan, ruwa na kashe shi?"

Leah ta kalli Malam Sha'aban. Malam Sha'aban ya sunkuyar da kai.

"Na ce ruwa na kashe shi?"

"Ba... ba kullum ba," Leah ta ce.

"Ruwa shida aka yi bana. Na ƙirga." Ya ɗaga fuska sama, inda iskar hadari ta fara kaɗa ganyen darbejiya. "Ga na bakwai nan tafe."

"Baba, zauna. Don girman Allah ka zauna."

"Taku tamanin da huɗu ne daga ƙofar baya. Kullum ina zuwa in kin tafi makaranta, ba sai an ja ni ba."

Ba ta taɓa sani ba. Wallahi ba ta taɓa sani ba.

"Baba, wannan ba abin yi ba ne," Malam Sha'aban ya ce, ya miƙe ya tare gabansa. "A kira Fasto, a kira dangi, a zauna..."

"Wane dangi? Ka ga wani a gidan nan?"

Ya ratse shi ya wuce, hannu ɗaya a jikin katanga. A daidai rumbu ya tsaya, bai juyo ba.

"Auta, galmata na bayan rumbu. Miƙo min."

"Baba, kabarin Mika ne fa!"

"Na san na wane ne. Ko ki miƙo min, ko in tona da hannuna."